Juriyar Shugaba a Lokacin Rashin Natsuwa

Akwai tambayar da masu riƙe da aikin Ikilisiya sukan yi wa kansu a ɓoye, ba safai sukan furta ta ba: idan zuciya ta gaji da aikin da aka danƙa mana, ta soma hangen wani wuri, muryar Allah ce take kiranmu mu tashi, ko kuwa jaraba ce? Tambayar ta shafi Fada da katikis, ta shafi shugabar Zumuntar Mata da shugaban matasa da mai koyar da waƙa. Hausawa sun ce babba juji ne, kowa ya kwaso shara a kansa zai zuba. Wanda ake zuba wa shara kullum, ba mamaki wata rana ya yi marmarin tashi.

Kakanninmu cikin bangaskiya sun san wannan ciwo. Evagrius, wani mai zaman zuhudu a hamadar Masar, wanda ya rasu a shekarar 399, ya lissafa munanan tunani guda takwas da suke addabar bayin Allah. Ɗaya daga cikinsu ya kira shi aljanin tsakar rana, domin yakan zo ne sa'ad da ɗokin safiya ya wuce, yamma kuma ba ta yi ba. Mutum ya dinga leƙen waje yana duban rana, yana ganin kamar ta tsaya cik. Wurin zamansa ya gundure shi, ya ga kamar 'yan'uwansa ba su damu da shi ba, ya tabbatar wa kansa cewa can gaba ya fi nan. Abin da ya sa wannan jaraba take da wuyar ganewa shi ne, ba ta cewa mu rabu da Allah, sai dai ta ce mu je mu bauta masa a wani wuri dabam. Saboda haka ne Waliyyi Benedict, a ƙarni na 6, ya sa mabiyansa su yi alkawarin zama a gida ɗaya har mutuwa.

Kada mu ɗauka cewa marasa bangaskiya kaɗai abin yake samu. An aika Waliyyi Yohanna Vianney ƙauyen Ars a ƙasar Faransa a shekarar 1818, ƙauyen da mutanensa ba su kai 300 ba. Ya yi shekara 41 a can, har rasuwarsa a 1859. Jama'a sun riƙa zuwa daga nesa domin su furta zunubansu a gabansa, har yakan kai awa 16 a rana yana sauraronsu. Duk da haka zuciyarsa ba ta daina muradin gudu ba. Yana ganin bai cancanci aikin ba, yana so ya keɓe ya yi kukan zunubansa. A 1843 ya tafi Dardilly, garin haihuwarsa, amma ya komo. A 1853 ya fita da dare, mutanen Ars suka tare shi suna roƙonsa, ya sake komowa. Wannan mutum ne Paparoma Pius na 11 ya mai da shi majiɓincin Fada-fada masu kula da Ikilisiyoyi a 1929. Ashe juriya tana iya zama tare da rashin natsuwa a zuciya ɗaya. Mai juriya shi ne wanda, ko ya kai bakin ƙofa, yakan juyo ya ɗauki aikinsa.

To, yaya za mu bi da wannan hali idan ya same mu? Labarin annabi Iliya ya nuna mana hanya. Bayan nasarar da ya yi a Dutsen Karmel, Yezebel ta yi barazanar kashe shi, ya tsere zuwa jeji, ya zauna a gindin itace yana roƙon mutuwa. Allah bai fara da tsawata masa ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa har sau biyu. Sai da ya isa Horeb sa'an nan Allah ya yi masa magana, ya sanar da shi cewa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya umarce shi ya koma, ya kuma naɗa Elisha ya gaje shi. Sau da yawa abin da muke zaton kira ne zuwa wani wuri, gajiya ce da kaɗaici kawai. Maganinsu hutu ne, da addu'a, da abokin aiki.

Waliyyi Ignatius na Loyola ya ƙara mana wata shawara: lokacin da zuciya take cikin duhu, kada a sauya shawarar da aka yanke lokacin haske. A jira gari ya waye. Wannan bai hana ajiye aiki idan lokacinsa ya yi ba, gama juriya dabam, taurin kai dabam. Paparoma Yohanna Bulus na 2 ya riƙe aikinsa cikin rashin lafiya har rasuwarsa a 2005. Paparoma Benedict na 16 kuwa ya sauka a 2013, bayan doguwar addu'a, da ya ga ƙarfinsa ya kasa. Ma'aunin shi ne: wanda ya sauka cikin salama domin amfanin garken ya yi biyayya, wanda ya yar da sanda cikin fushi kuwa ya bar tumaki a hannun kura.

Mu jama'a ma muna da namu nauyin. Katikis nawa ne suke taka sayyada ko keke zuwa ƙauyuka kowace Lahadi, ba mai tambayarsu ko iyalinsu sun ci abinci? Mutanen Ars sun fito da dare sun nuna wa makiyayinsu cewa suna bukatarsa. Kada mu jira sai shugabanmu ya ɗaure kaya kafin mu yi masa sannu da aiki. Mu taya shi ɗaukar kaya, mu rage gunaguni, mu riƙa ambatonsa a addu'armu ta iyali.

Ubangiji Yesu, Makiyayi Nagari, ya ba shugabanninmu natsuwar zuciya da ƙarfin jurewa har ƙarshe. Amin.