Haƙƙin da Ba Ya Sokuwa

 

'Yan'uwa Musulmi na Duza da kewaye, daga Anka har Bukkuyum da Gummi: duk wanda ya durƙusa gaban malam a zaure ya ɗauki Ahalari ko Ishmawi ya san abubuwan da ke warware alwala, su fitsari, bayan gida, fitar iska, barci mai nauyi da gushewar hankali. Ya san magana da gangan da dariya suna ɓata salla. Ya san wanda ya karya azumin Ramadan da ganganci ramuwa ta hau kansa tare da kaffara: ciyar da miskinai 60, ko azumin wata biyu a jere, ko 'yanta bawa. Alwala in ta warware, sai a ɗauki buta. Salla in ta ɓaci, a sake ta. Ciniki in an fasa, a mayar da kaya a karɓi kuɗi. Rantsuwa in an karya ta, a ciyar da miskinai 10 ko a tufatar da su, wanda ba shi da hali ya yi azumin kwana 3. Kowace ɓaraka Ubangiji Ya buɗe mata ƙofar gyara.

Ga abin da ke hana ni barci. Mutum zai tare liman bayan Azahar yana tambaya ko gyangyaɗi ya warware masa alwala, amma bai taɓa tambaya ba ko gonar marayun ƙanensa da yake nomawa tana cinye masa ladan sallar. Alƙur'ani, a aya ta 264 ta Suratul Baƙara, ya gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. A aya ta 92 ta Suratun Nahli ya kwatanta mai warware alkawari da macen da ta kaɗa zarenta ya yi ƙarfi, sannan ta zauna ta warware shi da hannunta. Imamu Muslim kuma ya ruwaito bayanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, a kan matsiyaci na gaskiya: wanda zai zo ranar Alƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, ya zubar da jinin wani. Za a riƙa kwasar ladansa ana biyan su, in ya ƙare a ɗora masa zunubansu.

Wannan ƙasa tamu ta ga jini. A watan Janairun 2022 'yan bindiga sun afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka yi jana'izar mutane masu yawa. Wane ne ya nuna musu hanya? Wa ya gaya musu gidan da aka sayar da shanu? Kai mai kai rahoto daji, kai mai kai musu mai da burodi, kai mai sayen dabbar da ka san ta sata ce saboda arha, sallarka a sahun gaba ba za ta goge wannan ba. Kai ma ɗan sa-kai da ka kashe Bafillacen da bai ji ba bai gani ba don huce haushi, ka sani jininsa da na ɗanka nauyinsu ɗaya wurin Allah.

Ku tuna 2010, lokacin da gubar dalma daga duwatsun zinari ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, 'Yargalma, Bagega da nan Duza. A lokacin iyaye ba su sani ba, Allah Ya ba su ladan haƙuri. Yau an sani. Wanda ya sake shigo da dutse cikin gida ana niƙawa kusa da yara, uzurin rashin sani ya faɗi a kansa.

A 2019 gwamnatin Zamfara ta yi zaman sulhu da 'yan bindiga. Sulhu alheri ne in an riƙe shi da gaskiya. Sai dai mu fahimci iyakarsa: hukuma tana iya janye tuhuma, kotu tana iya soke hukunci, amma babu gwamna, babu sarki, babu malamin da zai iya soke haƙƙin matar da aka mayar gwauruwa da ɗan da aka mayar maraya. Mai haƙƙi kaɗai ke da ikon yafewa.

Kada wani ya yanke ƙauna. Tuba tana shafe abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, komai girmansa, muddin rai bai kai maƙogwaro ba. Abin da ke tsakaninka da mutane kuwa, ƙafarka ce za ta kai ka. Mayar da gonar. Biya bashin da ka musanta. In mai shi ya rasu, nemi magadansa. In ka nema ka rasa, yi sadaka da dukiyar da sunansa. In jini ne, magana tana hannun waliyyan mamaci a gaban alƙali, su ke zaɓar ƙisasi ko diyya ko yafiya. In kunya ta hana ka zuwa kai kaɗai, riƙi liman ko dagaci ya raka ka, kuma ka tafi tun a wannan mako.