Da Muka Mayar da Makaranta Cikin Gida

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa mazauna ƙasashen waje, shekara biyu ke nan da muka cire 'ya'yanmu uku daga makarantar kuɗi a nan Riyad, muka koma karantar da su a gida. Da yawa sun yaba, suna zaton tsoron Allah ne ya kai mu ga haka. Na daɗe ina karɓar yabon ina yin shiru, kuma shirun nan shi nake neman gafarar Allah a kansa.

Gaskiyar magana, aljihu ne ya fara yanke hukunci. Wanda ke zaune da iyali a Saudiyya ya san harajin da aka ɗora wa baƙi a watan Yulin 2017, Riyal 100 a wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarka, wanda ya yi ta hawa har ya kai 400 a 2020. Mace ɗaya da yara uku, Riyal 19,200 ke nan a shekara, ba a zo maganar haya da kuɗin makaranta ba. Talauci ba abin kunya ba ne. Abin kunya shi ne ka sanya masa rawanin taƙawa. Hadisin farko da muka haddace a Arba'una ta Imamu Nawawi kan niyya yake magana, ga shi ni kuma ina cin ribar niyyar da ban ƙulla ba.

Sai dai Allah kan shigar da bawa alheri ta ƙofar da bai zata ba. A makon farko na gane babban ɗana, mai shekara 11, yana zuba Turanci da Larabcin Najadu, amma ba ya iya gaida kakarsa a waya da Hausa har ya kai ƙarshen gaisuwa. Farillan alwala kuwa sai kame-kame. Ina zaune a ƙasar Haramaini, na ɗauka iskar gari kaɗai za ta yi masa tarbiyya. Aya ta 6 a Suratut Tahrim ba makaranta ta umarta da kare iyali daga wuta ba, mu ta umarta. Kuɗin zango da nake biya wakilci ne kawai, amanar ba ta taɓa sauka daga wuyana ba.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi. Na sayo littattafai da kwamfuta, na fice wurin aiki, na bar wa uwargida girki da raino da darasi. Wata uku aka yi a haka kafin wani dare ta ce mini, cikin ladabi, “Malam, kai ka yanke shawara, ni nake biyan ta.” Ban sami amsa ba. Na tuna Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, yadda a Nurul Albab ya soki malaman da ke karantar da ɗalibai a waje su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Gidan da ya gyara ne ya fitar da Nana Asma'u, wadda ta tura jajis ƙauyuka suna koyar da mata ta hanyar 'Yan Taru. Karatun gida ba baƙo ba ne a wurinmu. Zauren malam a Kano ko Zariya ai ɓangaren gidansa ne. Amma a zauren nan maigida ne ke zaune a kan buzu.

Yanzu bayan Asuba nawa ne: Alƙur'ani da Ahalari, minti arba'in kafin in fita. Lissafi da Turanci nata ne da hantsi. Bayan La'asar samarin su tafi halƙar hadda a masallacin unguwa, domin yaron da aka kulle a bene, a garin da zafi ke hana fita rabin shekara, zai rasa abokai, kuma wannan rashi ne na gaske. Ranar Asabar ba a magana da kowane harshe a gidan sai Hausa.

Ba na kiran kowa ya bi sahunmu. Wanda zai yi, ya fara bincika yadda ɗansa zai sami takardar shaida. Mu jarrabawar IGCSE muke nufa, wadda ake iya zama a matsayin ɗalibi mai zaman kansa. Ya kuma shawarci matarsa shawara ta gaskiya, ba sanarwa ba.

Jiya ƙaramar ta tambaye ni ko Luƙmanu ma da Asuba yake tayar da ɗansa. Na ce mata Alƙur'ani bai faɗi lokacin ba, ta ɗauko allonta.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya yafe mana abin da muka gaza. Wassalamu alaikum.