Ramin Naka Ne, Ruwan Fa?

Mutum ya sami takardar izni daga gwamnati domin ya haƙa ma'adini. Ya yi ta haƙa har ya tarad da ruwa. To, ruwan nan na wane ne? Yana da iko ya kwashe shi, ko ya ɓata shi, tun da ya ke cikin raminsa ya same shi? Tambayan nan ta isa mu zauna mu auna ta, gama da yawa cikinmu daga rijiya mu ke sha.

Bari mu fara da halin ruwan kansa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana zaune cikin yashi da tsagar duwatsu, kamar yadda ya kan zauna cikin soso, yana tafiya a hankali ƙwarai. Bai san shinge ba, bai san iyakar gona ba. Sa'ad da rami ya zarce rijiyoyin gari zurfi, sai ruwa ya riƙa tsatsafowa ciki, masu haƙa su sa inji su janye shi dare da rana, rijiyoyin da ke kewaye kuwa su ja baya. Wannan ita ce ɓarna ta fari. Ta biyu ta fi muni. Dutsen da ya daɗe a binne, in aka niƙa shi aka tara dusarsa a sarari, ruwan sama ya kan wanke gubar da ke ciki ya nutse da ita ƙasa. Ruwan rijiya ya kan fito garau, ba wari, ba ɗaci, amma guba tana ciki.

Ku dubi Arlit, cikin hamada arewa da Agadas a ƙasar Nijar. Kamfanin Somaïr ya soma fitar da yuraniyum a can a 1971. Na Cominak ya bi baya a 1978 kusa da Akokan, aka rufe shi a 2021. Ruwan da a ke ɗiba a wurin nan ruwan sama ne na dubban shekaru da suka wuce, tun Sahara tana da danshi. Daminar yanzu ba ta mayar da shi. Rumbu ne da a ke ɗiba ba a zubawa. A 2010 ƙungiyar Greenpeace ta ba da labari cewa cikin ruwa biyar da ta gwada a yankin, huɗu suna da yuraniyum fiye da ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya. Kamfanin Faransa mai aikin, watau Areva, bai yarda da zargin ba. Amma ba mai musun tsibin dusar dutse, wajen tan miliyan 20, da Cominak ya bari. Ramin ya yi aiki shekara 43 ya mutu. Jikokin mutanen Akokan fa, ba za su ji ƙishi ba?

Wani zai ce, ai haƙa tana ciyar da mutane, kuma mai jin yunwa yau ba ya tunanin rijiyar baɗi. Gaskiya ne, ba mu rena wannan magana ba. Amma mu tuna da Zamfara a 2010. A ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, kamar Dareta da Abare da Bagega, ba baƙon kamfani ya yi ɓarnar ba. Talakawa ne masu neman zinariya suka kawo dutse mai dalma cikin gida suna niƙawa. Yara fiye da 400 suka mutu. Ƙura ce ta fi kisa, amma kududdufan da aka wanke dutse a ciki su ma sun ɗauki gubar. Ashe abincin da aka samu ta wannan hanya ya fi yunwar tsada.

Ga abin da mu ke gani. Takardar izni ta ba mutum ma'adini, ba ta ba shi ruwa ba. Ruwa amana ne a hannun kowane tsara, gama maƙwabci yana da rabo a ciki, wanda ba a haifa ba tukuna shi ma yana da rabo, ga shi kuwa ba ya nan balle ya yi ƙara. Ribar da mutum ya ci ta wurin bar wa wani rijiya mai guba, bashi ne ya ɗauka ba da sanin mai shi ba. Ƙaunar maƙwabci da mu ke faɗi a ekklesiya ta kai har gindin rijiyarsa.

Biyan bashin nan yana da hanya. Kafin a sa diga, a auna zurfin rijiyoyin gari, a gwada ruwansu, a rubuta, domin kada gardama ta tashi daga baya. Cikin aiki, a daɓe wurin tara dusa da yumɓu, a sake mora ruwan wanki maimakon a zubar, a gina rijiyoyin gwaji kewaye da ramin, a karanta wa jama'a sakamako da harshen da su ke ji. Bayan aiki, a rufe tsibin, a ci gaba da gwaji shekaru da yawa. Kuɗin wannan duka a ajiye shi tun ma'adini yana fita. Dokar ma'adinai ta Nijeriya ta 2007 ta ce mai haƙa ya yi yarjejeniya da jama'ar wurin, ya kuma sa kuɗi cikin asusun gyaran ƙasa. Amma doka ba ta tashi ta yi tafiya da kanta.

Saboda haka, 'yan'uwa, wanda ke haƙa a cikinmu kada ya niƙa dutse a gida, kada ya wanke shi kusa da rijiya. Wanda ke cikin dattawan gari, in baƙi sun zo da takarda da alkawarin makaranta, bari ya fara tambaya a kan ruwa kafin ya sa hannu.