Ɗa Na Kowa Ne

Ba inda wannan karin magana ke zama da gindinsa kamar a baƙon wuri. A Zangon Agege, a nan Ikko, inda fataken goro suka kafa bukka albarkacin hanyar jirgin ƙasa, magidanci kan yi sammako zuwa mayankar Oko-Oba, ba za a sake ganin ƙeyarsa ba sai bayan lisha. To wa ke tsawata wa yaron da ya bari a gida? Mai shayin bakin layi, da ladan, da Iya mai ƙosai wadda ba ma Bahaushiya ba ce. Da haka aka rayu.

Sai dai maganar fuska biyu gare ta. Ta farko mai daɗi ce: yaron kirki kowa na so a ce nasa ne. Ta biyu mai nauyi ce: kowane yaro amana ne a wuyan duk babban da ya gan shi. A ganina mun rungumi ta farko mun yi wa ta biyu riƙon sakainar kashi. In yaro ya zama wani abu, dangi har daga ƙauyen da bai taɓa takawa ba. In yana kwance da zazzaɓi, sai uwarsa.

Rayuwar Farfesa Ishaya Audu ta ɗauki fuskokin nan duka biyu. An haife shi a 1927 a Anchau ta ƙasar Zazzau, yankin da cutar barci ta addaba har Turawa suka gina wa mutane sabon gari, Takalafiya, don nisanta su da ƙudan tsando. Hannaye da yawa suka rene shi: makarantar mishan ta Wusasa, wadda ta fitar da Dokta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, sai kwalejin Yaba a nan Ikko, sai Ibadan, sai Landan. Da ya tashi ƙwarewa, fannin ƙananan yara ya zaɓa. Wanda ya taɓa tsayuwa a ɗakin jinyar yara ya san ba aikin mai gajen haƙuri ba ne. Majinyacin ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, sai kuka, uwa kuma a ruɗe take, dole likita ya yi jinyar mutum biyu a lokaci ɗaya.

Bahaushe ne Kirista, amma shi Sardauna Ahmadu Bello ya riƙa a matsayin likitansa. Ya koyar a makarantar likitoci ta Jami'ar Legas, wadda asibitinta ke Idi-Araba, maƙwabtaka da wata tsohuwar unguwar Hausawa. A 1966, shekarar da aka kashe Sardauna, aka ba shi shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello, ɗan ƙasa na farko a kujerar, bai cika arba'in ba. Ya riƙe ta har 1975, wato har da shekarun yaƙin basasa, 'ya'yan mutane dubbai a hannunsa. A 1979 Azikiwe ya ɗauke shi mataimaki a takarar shugaban ƙasa, Shagari da ya ci zaɓen kuma ya ba shi ministan harkokin waje. Kowa dai na cewa nasa ne. Da sojoji suka yi juyin mulki a ƙarshen 1983, aka tsare shi tare da sauran 'yan siyasa, masu cewa nasu ne suka ragu.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Mutumin da ya zauna da shugabannin duniya ya koma Samaru yana duba marasa lafiya a asibitinsa. Ya rasu a watan Agusta na 2005, yana da shekara 78.

Akwai wani ɓangare da masu yabon likitoci kan tsallake. In uba ya zama na kowa, 'ya'yan cikinsa ke biyan kuɗin. Su ne ake ƙwanƙwasa musu ƙofa da tsakar dare, su ne ake ce wa su ci tuwo kada su jira Baba. Likitan da ya fita da asuba, ya dawo a gajiye, amma duk da haka ya zauna ya duba allon yaronsa ko littafinsa, ya yi abin da ya fi samun lambar girma wuya. Irin wannan ba ya shiga jarida, sai ranar ta'aziyya ake jin sa daga bakin 'ya'ya.

Yau a Agege, a gindin gadar Pen Cinema, za ka ga yaran da aka turo daga Arewa da sunan karatu ko neman kuɗi, wani da tari, wani da ƙazuwa. Da harshenmu suke roƙo. Attajiran goro da dillalan shanu na wucewa ta gabansu kullum, kuma da ka tambayi ɗaya daga cikinsu ɗan wane ne wancan, sai ya ce maka bai san ubansa ba.