Ko Mai-Bi Zai Iya Rasa Cetonsa?

Wata Lahadi da yamma mun je gaisuwar mutuwa a Nassarawa, unguwar da Turawa suka zauna bayan sun ci Kano a 1903, inda Gidan Gwamnati ya ke har yau. A ɗakunan ma'aikata da ke can bayan wani babban gida a ke zaman makokin, gama marigayin direba ne. Mun san shi tun yana saurayi. An yi masa baftisma, ya yi shekaru cikin mawaƙa, har ya koya wa yara a makarantar Lahadi. Daga baya ya sami 'yan kuɗi, giya ta kama shi, ya kori matarsa. Dattawa suka sa shi horo, shi kuwa bai ƙara taka majami'a ba har shekara 11. Da muka tashi za mu tafi, sai tsohuwarsa ta riƙe rigar pasto ta ce, "Baba Pasto, ka faɗa mini gaskiya. Ɗana ya karɓi Yesu, na gani da idona. Yanzu ina ya ke?"

'Yan'uwa, wannan tambaya ta shafi kowane gida na masu-bi. Ko wanda ya ba da gaskiya ga Yesu Kristi zai iya rasa cetonsa? Bari mu duba maganar a hankali.

Da fari, Littafi Mai-Tsarki cike ya ke da alkawarai masu-ƙarfi. Cikin Yohanna 10:27-29 Ubangiji ya kwatanta masu-binsa da tumaki, ya tabbatar cewa babu mai-ikon ƙwace su daga gare shi ko daga Ubansa. Cikin Romawa 8:38-39 Bulus ya lissafa mutuwa, da rai, da mala'iku, da ikoki, ya nuna dukansu sun kasa yanke mu daga ƙaunar Allah. Filibiyawa 1:6 kuma ta koya mana cewa Allah ba ya barin aikin da ya fara a rabi. Dalilin a fili ya ke. Da ayyukanmu ne suka saya mana ceto, da ayyukanmu sun iya sayar da shi. Amma kyauta ce ta alheri, jinin Kristi ne ya biya.

Na biyu, cikin Littafin nan guda akwai gargaɗi mai-ban tsoro. Ibraniyawa 6:4-6 ta yi zancen mutanen da suka sami haske, suka ɗanɗana abin Allah, sa'an nan suka juya baya. Cikin Markus 4 iri ya tsiro a kan dutse da cikin ƙaya, amma bai kai kaka ba. Ga kuma Dimas. Cikin wasiƙa zuwa ga Filimon, Bulus ya lissafa shi cikin abokan aikinsa, amma a 2 Timoti 4:10 ya ba da labari cewa son duniya ya ɗauke shi. Ba mu da iko mu riƙe alkawarai mu share gargaɗi, ko kuwa mu riƙe gargaɗi mu share alkawarai. Allah ɗaya ne ya ba da su duka.

Ba mu ne muka fara wannan muhawara ba. A ƙasar Holand, almajiran wani malami mai-suna Arminiyus, wanda ya mutu a 1609, suka koyar cewa mai-bi na gaske yana iya sakin bangaskiyarsa ya hallaka. Aka yi babban taro a garin Dort daga 1618 zuwa 1619, taron ya yanke cewa waɗanda Allah ya sake haifa suna iya faɗuwa mummunar faɗuwa, amma Allah ba zai bar su su lalace sarai ba. Daga baya John Wesley, uban Metodis, wanda ya mutu a 1791, ya goyi bayan Arminiyus. Da masu-mishan suka zo ƙasarmu, kowa ya zo da koyarwar gidansu. Shi ya sa a Sabon Gari za ka iske majami'u biyu a titi guda, kowace da amsarta, dukansu kuwa suna karanta Littafi ɗaya.

Amma mu lura da abin da ɓangarorin biyu suka yarda a kai, gama ya fi abin da ya raba su amfani gare mu. Idan mutum ya bar Kristi, ya mutu bai tuba ba, mutanen Wesley za su ce ya sami ceto ya yar. Mutanen Dort kuwa za su kawo 1 Yohanna 2:19, su ce fitarsa ce ta nuna tun asali bai zama na Kristi ba. Ƙarshen mutumin ɗaya ne. Babu ko ɗaya cikinsu da ya koyar cewa katin baftisma zai ceci wanda ya ke zaune cikin zunubi da gangan. Haka kuma babu wanda ya koyar cewa Kristi zai kori mai-tuba. Hausawa sun ce ba a san maci-tuwo ba sai miya ta ƙare. Jimrewa har matuƙa ita ce shaidar bangaskiya ta gaske.

To, ina amfanin gargaɗi idan Allah ne mai-tsaro? Mu tuna da jirgin ruwan da ya ɗauki Bulus cikin Ayyukan Manzanni 27. Mutum 276 ne a ciki. Allah ya riga ya yi wa Bulus alkawari cewa ba wanda zai mutu. Duk da haka, sa'ad da matuƙan jirgin suka yi shirin gudu, Bulus ya gargaɗi sojoji cewa in waɗannan suka fita, sauran ba za su tsira ba. Sojoji suka ji, suka yanke igiyar ƙaramin jirgin, kowa ya kai gaɓa. Alkawarin ya cika, ta wurin gargaɗin kuwa ya cika. Dubi mace da goyo. Yaro yana riƙe da uwarsa, amma in ya yi barci hannunsa yakan saki, majanyi ne ke riƙe da shi. Duk da haka uwar ba ta fasa ce masa ya zauna daidai. Wannan ita ce fahimtarmu: Allah ne ke riƙe da nasa, gargaɗi kuwa yana cikin igiyoyin da ya ke riƙe su da su.

Akwai wata faɗuwa kuma da mu mutanen Kano muka sani, watau faɗuwar tsoro. Cikin rikicin Oktoba 1991 da na Mayu 2004 an yi asarar rayuka da yawa, Kirista da Musulmi, ko da ya ke akwai maƙwabta da suka ɓoye juna, Allah ya sāka musu. Wanda aka tare shi a hanya ya ɓoye sunansa, ko ya musunci Ubangijinsa domin ya tsira, yana iya ɗaukar wannan kaya a zuciya shekara da shekaru, yana jin kunyar zuwa Jibin Ubangiji. Ekklesiya ta Afirka ta gamu da irin wannan tun da daɗewa. A shekara ta 250 Sarkin Rum Desiyus ya umarci kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida, masu-bi da yawa suka faɗi. Wani malami a Rum, Nobatiyan, ya ce kada a karɓe su har abada. Amma Kifriyanus, bishop na Kartaj a ƙasar Tunisiya ta yau, ya tara shugabanni a 251, suka shirya a karɓi masu-tuba bayan horo, kowa gwargwadon laifinsa. Sun yi daidai. Bitrus ya yi musu sau uku, ya yi kuka mai-zafi, Ubangiji ya mayar da shi ya ba shi kiwon tumakinsa. Yahuda ma ya yi nadama, amma wurin firistoci ya kai ta, bai komo wurin Yesu ba. Dukansu sun faɗi. Inda kowa ya nufa bayan faɗuwa shi ne ya bambanta su.

Saboda haka, kai da ka ke kwana cikin fargaba kana cewa watakila ka wuce gafara, ka sani baƙin cikin da ka ke ji saboda zunubi aikin Ruhu Mai-Tsarki ne. Gawa ba ta jin zafi. Ka tashi ka komo. Kai kuwa da ka ke zaune da zunubi lafiya lau kana dogara ga ranar da ka ɗaga hannu a taron bishara, ka ji tsoro, ka gwada kanka. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Me pasto ya amsa wa tsohuwar nan? Ya ce mata, "Mama, ba a ba ni littafin rai in duba ba. Abin da ya wuce tsakanin ɗanki da Ubangijinsa a kwanakinsa na ƙarshe, Allah ne ya sani, shi kuwa mai-adalci ne, mai-jinƙai kuma. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ya sami shiga a sa'a ta ƙarshe." Bai yi mata alkawarin da Allah bai ba shi ba, bai kuma yanke hukuncin da ba nasa ba.

A hanyarmu ta komawa Sabon Gari babu mai-magana cikin mota. Can sai wani dattijo ya tambaya, cikin shekara 11 ɗin nan wa ya taɓa zuwa Nassarawa ya gaishe shi? Ba wanda ya amsa, gama ba wanda ya je. Mun sa shi horo muka manta da shi, alhali kuwa an ba Ekklesiya horo domin a komo da mutum. Dattawa, ku buɗe littafin Ekklesiyarku cikin wannan wata, ku karanta sunayen waɗanda ke ƙarƙashin horo da waɗanda suka daina zuwa. Ku rarraba sunayen a tsakaninku, ku tafi biyu biyu tun suna da rai. Ubangiji ya tsare mu duka har ranar zuwansa. Amin.