Biyayya da Amana

Shin wane hakki ne ke hawa kan wanda ya koya wa dabba biyayya? A jihar Alaska ta Amurka, akan horar da karnuka su ja amalanken ƙanƙara, a ɗaure su jere a igiya ɗaya, muryar mai su kaɗai ke juya su dama ko hagu. A tseren Iditarod na 1985, mai tsawon mil kusan 1,000, wata ƙatuwar dabbar dawa dangin barewa, wadda ake kira mus, ta auka wa karnukan Susan Butcher, ta kashe biyu, ta raunata da yawa. Da a sake suke, da sun tsere. Igiya da horo suka riƙe su. Butcher ta tsaya da gatari tana kare su, daga bisani ta haƙura da tseren.

To, mu da muke son a bi mu, iyaye da malamai da shugabanni, mu lura. Duk wanda muka raba da ikon gudu, ransa ya zama amana a wuyanmu. Ranar da haɗari ya taso, ba mu da hurumin ja da baya. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.