Wa ya kashe murjanin Maya?

A ce yau wani ya biya maka kuɗin jirgi zuwa ƙasar Tailan, ya ce je ka ga Mashigin Maya. Za ka sauka a lardin Krabi, ka shiga kwalekwale mai inji cikin Tekun Andaman har tsibirin Phi Phi Leh, inda ba mai gida ko gona. Duwatsu dogaye sun kewaye mashigin ta gefe uku, yashin fari fat, tsawon bakin ruwan bai wuce mita 250 ba. Gwamnati ta daɗe da keɓe wurin cikin gandun ruwa na ƙasa. Za ka ƙi zuwa? Ni dai ba zan ƙi ba.

A shekarar 2000 aka fitar da fim ɗin The Beach, wanda Leonardo DiCaprio ya fito a ciki, duniya ta ga wurin, sai kowa ya so ya taka shi da ƙafarsa. Kafin 2018 mutane wajen 5,000 ke zuwa a rana ɗaya, cikin jirage kusan 200. Murjani kuwa, wanda mu muka sani a wuyan mata, a cikin teku halitta ce mai rai, tana girma a hankali ƙwarai, ƙananan kifaye kuma a cikinta suke fakewa. Ƙugiyar jirage ta farfasa shi, ƙafafu suka tattake shi, yawancinsa ya mutu. Ranar 1 ga Yuni 2018 aka rufe mashigin. Wata huɗu aka ce da farko, amma sai a Janairun 2022 aka sake buɗewa.

To, wa ya yi laifin? Cikin dubban nan ba wanda ya taso daga gida da nufin ɓarna. Kowa ya biya kuɗin shiga, ya ɗauki hoto, ya yi mamakin kyan wurin, ya tafi. In ka tare mutum ɗaya ka ce kai ka kashe murjanin, zai ce awa ɗaya kawai na yi, gaskiya kuma ya faɗa. Duk da haka murjanin ya mutu, ba iska ce ta kashe shi ba. A ganina mun saba auna zunubi da niyya kaɗai, shi ya sa irin wannan yake wuce mu. Akwai ɓarnar da ake rabawa ƙanana ƙanana har rabon kowa ya zama kamar ba komai, amma kasonka yana nan, naka ne. Wanda bai sani ba yana da uzuri. Wanda ya ga jirage sun yi cunkus, ya ga ruwan ya gurɓace, ya ce tun da na riga na biya sai na shiga, wannan ya san abin da ya zaɓa.

Kada kuma mu yi saurin tafa wa masu rufewa. Akwai mai tuƙa kwalekwale wanda abincin 'ya'yansa daga baƙin nan yake fitowa, ba shi ya yi fim ɗin ba, amma shi ya fara jin yunwar. Wannan yana damuna, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai Littafin Firistoci sura 25 ya san irin wannan tsoron. Ubangiji ya umarci Isra'ila su bar gona ta huta a kowace shekara ta bakwai, a cikin surar kuma ya amsa wa manomin da ke fargabar abin da zai ci, ya yi alkawarin albarkar shekara ta shida. Ka lura, ƙasar ce aka ba wa hutun, kamar ita ma tana da hakki a gaban wanda ya yi ta. Ƙarshen Littafin Tarihi na biyu ya nuna cewa hutun da suka hana ta, ta karɓe shi cikin shekara 70 na bautarsu a Babila. Da an bar Maya yana cin mutum 5,000 kullum, mai kwalekwalen nan da ya wayi gari ba abin da zai nuna wa baƙo.

Da mutane suka janye, kifayen shak masu baƙin tsinin fiffike suka dawo cikin ruwan da bai da zurfi, har suna haihuwa a wurin. Ma'aikatan gandun suka dasa sabon murjani.

Yanzu in ka je, jirginka ba zai shiga mashigin ba. Zai tsaya ta bayan tsibirin, a Loh Samah, ka taka a kan gadar katako. Lokacinka ƙayyadadde ne, an hana iyo, kowace shekara kuma ana rufewa a Agusta da Satumba. Za ka tsaya a bakin ruwan da ka yi tafiyar dubban kilomita dominsa, mai gadi yana busa usur ga duk wanda ya zarce, ƙananan kifayen shak suna wucewa a gabanka.